Kuɗin fansho bayan ritaya: yadda za ka juya asusunka, da abin da zai kai ga magada

Ranar da ma'aikaci ya ajiye aiki a Najeriya, kuɗin da aka yi shekaru ana cira daga albashinsa ba sa zuwa hannunsa gaba ɗaya. Za a ba shi wani kaso a dunƙule, ragowar kuma sai ya zaɓi inda za su zauna da yadda za a riƙa biyansa. Wannan zaɓin da sa hannu ɗaya ake yin sa, wani ɓangarensa ba a warware shi har abada, kuma shi ne zai yanke abin da iyalinka za su samu bayan ranka. Abin da ke damuna shi ne yawancin mutane suna yin sa ne a gajiye, bayan watanni ba albashi, ga wakilin kamfani tsaye a kansu riƙe da biro.

Bayanin nan na waɗanda ke cikin tsarin fansho na karo-karo ne, wanda aka fara a 2004 aka kuma sake wa doka a 2014. A ƙarƙashinsa ma'aikaci yana zuba aƙalla kashi 8 cikin 100 na albashinsa, mai aikin ya ƙara kashi 10, kuɗin su shiga asusun ajiyar ritaya mai sunanka, wato RSA. Kamfanin gudanar da fansho, PFA, shi ke juya kuɗin, wani kamfanin dabam, PFC, shi ke riƙe da su, hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, kuma tana sa ido. Sojoji da jami'an leƙen asiri ba sa ciki. Tsofaffin 'yan fanshon tarayya da ke hannun PTAD, hukumar da ke biyan fanshon tsohon tsari, ma ba sa ciki. Ma'aikacin jiha ya fara tambayar irin tsarin jiharsa: Kaduna tana bin tsarin RSA, amma Kano da Jigawa nasu na karo-karo ne a asusun bai ɗaya, lissafinsu dabam.

Mataki na farko: gyara takardunka tun kana kan aiki

Ma'aikacin gwamnati yakan yi ritaya a shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Ka san ranarka tun da nisa, don haka kada ka jira takardar sallama. Ka'ida ta ce ka sanar da PFA ɗinka wata shida kafin ranar. Ni dai shawarata shekara guda.

Je ofishinsu da ƙafarka ka sabunta bayananka da lambar NIN. Ka dubi abu uku a takardu huɗu: sunanka, ranar haihuwarka da ranar fara aikinka, a fayil ɗin ofis, a NIN, a BVN, da kuma a rajistar PFA. A nan ne mutanenmu suka fi maƙalewa. Fayil ya ce Muhammadu, NIN ta ce Mohammed, banki ya ce Muh'd, sunan gari ya zama sunan mahaifi a wata takardar, shekarar haihuwa ta bambanta da shekara biyu saboda rantsuwar kotu da aka yi lokacin neman aiki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya tsayar da biyanka na watanni. Gyara yana da sauƙi lokacin da kake da teburi a ofis kuma magatakarda ya san fuskarka. Idan kana da lambar PIN ta fansho fiye da ɗaya, saboda ka taɓa yin rajista sau biyu, a haɗe su yanzu.

Ma'aikacin tarayya da albashinsa ke fitowa daga baitulmali yana da ƙarin aiki: tantancewa da rajistar da PenCom ke yi wa masu shirin ritaya, wadda yanzu ake farawa ta intanet a ƙarasa a ofishin PFA. Wanda bai yi ta ba, ba za a lissafa masa haƙƙinsa na shekarun da ya yi a tsohon tsari ba.

Mataki na biyu: tattaro duk kuɗinka wuri ɗaya

Karɓi cikakken bayanin asusunka tun daga watan farko, ka zauna da shi da takardun albashinka, wata bayan wata. Kana neman watannin da aka cire maka amma ba a zuba ba. Doka ta ba mai aiki kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi ya tura kuɗin, in ya yi jinkiri akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 ba a kowane wata, kuma tarar asusunka take shiga. Ka rubuta wa ofishinku takarda, ka ajiye kwafi mai hatimin karɓa. In an yi shiru, ka kai ƙara PenCom.

Sai kuɗin da suka rigayi tsarin. Wanda ya fara aikin tarayya kafin ƙarshen Yunin 2004 yana bin gwamnati haƙƙin shekarun da ya yi a tsohon tsari. Ana lissafa shi, a biya daga wani asusu da ke Babban Banki zuwa cikin RSA ɗinka, kuma jiran wannan kuɗin ne ya daɗe yana sa 'yan ritayar tarayya zaman watanni ba ko kwabo. A 2025 gwamnati ta amince da takardun lamuni na naira biliyan 758 don biyan basussukan fansho da suka taru. Wanda kuma ya yi aiki a kamfani mai zaman kansa kafin 2004, irin masaƙun Kaduna da masana'antun Bompai da Sharaɗa, mai yiwuwa an cire masa kuɗin NSITF, tsohon asusun fanshon ma'aikatan kamfanoni. An miƙa waɗannan kuɗaɗe ga wani PFA mai suna Trustfund Pensions, kuma kana iya nema a mayar da naka cikin RSA ɗinka. Ka nemo tsohuwar takardar shaidar zama mamba. Kuɗin ba lallai su yi yawa ba, amma naka ne.

Kada ka manta da kashi 2.5 na asusun gidaje na ƙasa da ake cira a albashi. Wannan ba ya shiga RSA, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ake nema ya mayar wa wanda ya yi ritaya ba bashin gida a kansa.

Mataki na uku: kamfani da rukunin asusu

Tun 16 ga Nuwamba 2020 an buɗe ƙofar sauya PFA, sau ɗaya a shekara, kyauta. Sabon kamfanin da kake so shi za ka je wa, shi zai jawo asusun. Dubi ribar da suka samar a shekaru da dama a jere, ka kuma dubi ko suna da ofis a garinku, domin ɗan shekara saba'in ba zai so hawa mota daga Gumel zuwa Abuja kan gyaran lambar asusun banki ba. In za ka sauya, ka yi kafin ka shigar da takardun ritaya, kada fayil ɗinka ya rataye tsakanin kamfani biyu.

Kuɗin fansho an kasa su rukuni-rukuni tun 2018. Ɗan shekara 50 zuwa sama yana Asusu na Uku, in ya yi ritaya a mayar da shi Asusu na Huɗu, inda ake kauce wa kasada. A 2021 aka ƙaro Asusu na Shida, wanda ba ruwansa da kuɗin ruwa. Ana zuba shi a sukuk, wato takardun jari na Musulunci, da hannayen jarin da suka dace da shari'a, kuma yana da ɓangaren masu aiki da ɓangaren 'yan ritaya. Ba a sa mutum a ciki sai ya nema a rubuce. Duk wanda zuciyarsa ba ta kwanta da kuɗin ruwa ba, wannan ce ƙofarsa, kuma abin takaici ne yadda mutane da yawa a Arewa ba su ma san da ita ba.

Mataki na huɗu: kuɗin dunƙule

Za ka kai takardar ritaya, takardun albashin watanni uku na ƙarshe, shaidar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, katin shaida, hotuna da shaidar asusun banki. PFA zai sa shekarunka, jinsinka, albashinka na ƙarshe da jimillar asusunka a cikin ma'aunin PenCom, ya fito maka da mafi yawan abin da za ka iya ɗauka a dunƙule. Manufar ma'aunin ita ce ragowar ta iya biyanka kusan rabin albashinka na ƙarshe kowane wata. Shi ya sa abokai biyu da suka yi ritaya rana ɗaya a mataki ɗaya kan samu kaso dabam-dabam. Kada ka ɗauka kashi 25 cikin 100 ne kason kowa: kashi 25 da doka ta ambata a sashe na 7(2) na wanda ya rasa aiki ne kafin ya kai 50 ya kuma yi wata huɗu bai samu wani ba. Naka lissafi ne.

Wanda asusunsa ya yi ƙanƙanta har ba zai iya ba shi kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashi a wata ba, ana ba shi kuɗinsa duka lokaci ɗaya. Da albashin naira 70,000 na 2024, wannan iyaka ta kama kusan naira 23,333.

Ba dole ba ne ka ɗauki iyakar abin da aka ce. Ka ce a nuna maka lissafi biyu ko uku a rubuce: in na ɗauki kaza, nawa ne na wata? Kowace naira da ka cira yau ragi ce a fanshon sauran rayuwarka. Biyan bashi, ƙarasa ginin da kake ciki, ko kujerar Makka ga wanda bai sauke farali ba, dalilai ne masu ƙarfi. Buɗe kasuwancin da ba ka taɓa yi ba kana ɗan shekara sittin, saboda wani ɗan uwa ya ce akwai samu, ba dalili ba ne. Masu damfara sun san watan da kuɗin ritaya ke shiga. MMM ta rufe da dukiyar jama'a a Disambar 2016, CBEX ta maimaita a Afrilun 2025. Duk wanda ya yi maka alkawarin ninki cikin wata ɗaya, ka nemi sunansa a rajistar SEC, hukumar kula da zuba jari, kafin ka saurari sauran zancen. In banki za ka ajiye, ka sani inshorar ajiyar banki ta hukumar NDIC naira miliyan 5 take rufewa ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci guda.

Mataki na biyar: zaɓin da ya fi kowane nauyi

Ragowar kuɗin hanya biyu gare su. A nan nake so ka tsaya ka numfasa.

Ta farko ita ce cirar wata-wata, wadda za ka gani a fom da sunan Programmed Withdrawal. Kuɗin suna nan a RSA ɗinka da sunanka, PFA yana ci gaba da juya su, ribar tana shiga asusunka, ana biyanka duk wata ko duk wata uku bisa lissafin shekarun da ake hasashen za ka yi. Kana ganin bayanin asusunka. Idan riba ta taru PenCom takan amince a ƙara wa masu wannan tsari kuɗin wata, kamar yadda aka fara yi a Disambar 2017 aka kuma maimaita bayan nan. Ranar da ka rasu, duk abin da ya rage na magadanka ne. Rauninta shi ne asusun na iya ƙarewa idan Allah ya ja kwana sosai. Sashe na 84 na dokar ya yi tanadin mafi ƙarancin fansho ga irin wannan hali, amma an daɗe ba a fara aiwatar da shi ba, don haka kada ka gina lissafinka a kansa.

Ta biyu ita ce anuwiti. A nan kuɗin suna barin asusunka gaba ɗaya, su zama kuɗin sayen alkawari daga kamfanin inshorar rai: zai biya ka wani adadi kowane wata har ƙarshen rayuwarka, ko ka kai shekara ɗari. Wannan ba ƙaramin kwanciyar hankali ba ne, kuma sau da yawa adadin farko yakan ɗara na cirar wata-wata. To amma karanta sharaɗin gado da kyau. Shekara goma ce aka lamunce. In ka rasu a shekara ta huɗu, magada za su karɓi kimar sauran shekara shida. In ka rasu a shekara ta goma sha ɗaya, ba su da komai, domin kuɗin sun zama na tukunyar kamfanin da ake biyan sauran masu tsawon rai. Ribar da aka samu ma ta kamfanin ce.

Sannan akwai hauhawar farashi. A Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce ya kai kashi 34.8 cikin 100. Adadin da ba ya motsi, wanda yau yake sayen buhun shinkafa da cefanen wata, ka tambayi kanka abin da zai saya nan da shekara takwas. Akwai kuma ƙarfin kamfanin kansa. A Oktoban 2024 hukumar inshora ta NAICOM ta sauke shugabannin wani tsohon kamfani bayan ya kasa biyan masu anuwiti na tsawon watanni. Saboda haka a nemi farashi daga kamfanoni uku aƙalla cikin jerin waɗanda aka amince da su, a kuma tambayi 'yan ritayar da suke hannunsu ko ana biya a kan lokaci.

Babban abin shi ne ƙofar hanya ɗaya take buɗewa. Mai cirar wata-wata yana iya komawa anuwiti daga baya. Mai anuwiti ba ya dawowa. Don haka wanda ke cikin shakka ya fara da wadda ake iya fita daga cikinta. A ganina, magidancin da ke da mata da ƙananan yara, ko mai fama da ciwon da ya san yana cin jiki, cirar wata-wata ta fi masa, domin dukiyar tana nan a matsayin abin gado. Wanda 'ya'yansa suka kama gabansu, gidansu gidan tsawon rai ne, babban tsoronsa kada ya tsufa hannu wofi, anuwiti tana da hujja a wajensa. Musulmin da ke duba halasci ya kai takardar yarjejeniyar gaban malamin da ya san mu'amalar kuɗi ta zamani kafin ya sa hannu. Ka kuma tuna wakilin inshora yana da kamasho a sa hannunka, PFA kuma yana da lada muddin kuɗin suna hannunsa. Dukansu biyu ka saurare su, ka tafi gida da takardun, ka kwana a kansu.

Haraji

Nan labarin mai daɗi ne. Sashe na 10 na dokar 2014 ya keɓe kuɗin da ake zubawa, da ribar da suke samu a cikin asusu, da abin da ake biyanka na ritaya, duka daga haraji. Kuɗin dunƙule da na wata-wata ba a taɓa su. Sabuwar dokar haraji ta 2025, mai aiki daga 1 ga Janairun 2026, ta bar wannan keɓewar.

Wuri biyu ne haraji ke shigowa. Na farko, ƙarin kuɗin da ka riƙa zubawa don raɗin kanka: in ka cire su kafin su shekara biyar, za a cire haraji a kan ribar da suka samar. Ana ƙirga shekara biyar ɗin daga ranar kowane zubi, don haka wanda ya fara zubawa dab da ritaya ya lissafa kafin ya taɓa. Na biyu, da zarar kuɗi sun fito daga RSA, rigar kariyar ta tuɓe. Ribar ajiyar ƙayyadajjen lokaci a banki da ribar hannun jari ana cire musu kashi 10 cikin 100 tun daga tushe, kuɗin hayar gidan da ka gina ma kuɗin shiga ne da hukumar harajin jiha ke da haƙƙi a kai. Wannan wani dalili ne na barin abin da ba ka buƙata a ciki. Zakka kuma nata lissafin dabam: kuɗin dunƙule da suka kai nisabi suka shekara a hannunka, ka fitar.

Gado

Najeriya ba ta da harajin gado a yanzu. Abin da ke cin iyali shi ne kuɗin rajistar kotu, wanda ya bambanta daga jiha zuwa jiha, da kuma jinkiri.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar sunan da aka rubuta a gurbin Next of Kin a matsayin magaji. Wannan mutum ne kawai da za a tuntuɓa. Sashe na 8 na dokar 2014 ya ce PFA zai saki kuɗin mamaci ne idan an kawo wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci, wato Letter of Administration, ko umarnin kotun da ke da hurumi, a kuma raba bisa wasiyyar ko bisa dokar da mamacin yake bi a rayuwarsa. Ga Musulmi, shari'a ke nan. Wanda ya rubuta sunan babban ɗansa a fom shekara ashirin da suka wuce bai ba shi kuɗin ba, kuma bai hana amarya da 'ya'yanta ba.

Ga misali. Mutum ya rasu ya bar naira miliyan 9.6 a asusu bayan an biya bashi, ba wasiyya, ya bar mata biyu, mahaifiya, 'ya'ya maza uku da mata biyu. Matan suna da tumuni, naira miliyan 1.2, kowacce 600,000. Mahaifiya tana da sudusi, miliyan 1.6. Ragowar miliyan 6.8 a kasa takwas: kowane namiji miliyan 1.7, kowace mace 850,000. Da mutumin nan anuwiti ya saya ya kuma wuce shekara goma, da babu wannan rabon ko kaɗan. Wasiyya ga Musulmi ba ta wuce sulusi, ba a kuma yi wa magaji, amma tana da amfani ga jikan da mahaifinsa ya riga ka rasuwa ko ɗan riƙon da ka raina. Kirista kuma ya rubuta wasiyyarsa a gaban lauya da shaidu biyu, ya ambaci asusun fanshon a ciki, domin in babu ita rabon zai bi irin auren da ya yi da dokar jiharsa.

Idan rasuwar ta zo mutum yana kan aiki, akwai ƙarin haƙƙi da iyalai da yawa ba sa nema: inshorar rai da doka ta wajabta wa mai aiki, wadda ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Ita ana biyan ta ne ga wanda aka ambata a takardar inshorar, kuma tana ƙarewa ranar ritaya.

Abin da ya rage gare ka shi ne ka sauƙaƙa wa na baya. Ka sabunta sunan makusanci duk lokacin da aka yi aure, saki ko rasuwa. Ka sa a jaka ɗaya lambar PIN, sunan PFA, yarjejeniyar da ka sa wa hannu, da takardun haihuwar yara, ka nuna wa aƙalla mutum biyu inda take. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, kowane ɗaki ya sani.

Su kuma iyali, in ta faru, su sanar da PFA da wuri da takardar shaidar rasuwa ta asibiti da ta Hukumar Ƙidaya, su nemi bayanin asusun kamar yadda yake a ranar. Kafin su biya ko sisi a kotu, su tambayi PFA takardar wace kotu yake karɓa, domin a jihohin Arewa akan karɓi umarni mai hatimi daga kotun yanki maimakon takardar babbar kotu. Duk wadda za a yi, su tabbatar an rubuta kuɗin fansho ƙarara a jerin dukiyar mamacin, da sunan PFA da lambar PIN. Takardar da ta lissafa gida da gona da asusun banki ta manta da fansho, za a mayar da ita kotu a sake. Za a kuma buƙaci asusun banki da sunan dukiyar mamacin ko na waɗanda kotu ta naɗa, kuma kason ƙananan yara a rubuta shi a gaban alƙali tare da sunan wanda zai riƙe musu.